Shafin da Akawu Ya Ɓatar

In ka ji daga bakin Akawu, laifinsa bai taka kara ya karya ba. Makara ya yi, ya nemi katin shaidarsa na ofis sama ko ƙasa, sai ga igiyar katin tana leƙowa daga littafin da matarsa ke karantawa, wani ƙaton labari mai kaurin bulo. Ya zare abinsa, littafi ya rufe ruf, ya fice.

Ita kuwa baiwar Allah, duk abin da hannunta ya kai shi ne alamar shafinta: mataji, murfin biro, har safar auta. Amma ba a taɓa zare mata ba sai ranar.

"Haba Maman yara, shafi ne fa. Ki buɗe ki nema mana."

"Kai ka nemo. Kullum ina ba ka labarin inda na tsaya, kana ce min 'uhm, uhm.' Ashe da bango nake hira."

Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Abinci a kan kari, guga tsaf, amma hira babu. Littafin ma ta ɗora shi a kan firij ta ƙi taɓawa. Abin ya dami Akawu ƙwarai. Bai taɓa sanin yana son surutun matarsa ba sai da aka ɗauke masa shi.

Ranar hutu ya nufi shagon yayarsa, mai sayar da takardu da kayan rubutu, ya karanta mata komai.

"Yaya, so nake in yi mata alamar shafi da hannuna, mai hatimin ado, har da ɗan kuben ajiye ta."

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗin? Kai da ko maɓallin riga ba ka iya ɗinkewa?" Duk da haka ta share masa gefen kanta, ta jero kwali mai ruwan madara, almakashi, gam, soson tawada, da robar goge fensir da reza, ta ce ya sassaƙa hatiminsa.

Ya duƙufa, harshe a waje, ya sassaƙa ganye.

"Allah ya raya kifi," in ji Yaya.

"Ganye ne."

"To, ƙara masa jijiya, kar a soya shi."

Sassaƙa ba ita ce matsalar ba, bugu ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana buga hatimi a ofis, hannunsa hanya ɗaya ya sani. Dum a soso, dum a takarda! Kanta ta girgiza, biro suka gangaro ƙasa, kwali ya fito da baƙin tabo shirim.

"Kai ƙanena, bashi ka biyo takardar? Ɗorawa ake a hankali, a danna, a ja numfashi, a ɗaga."

Ya gwada, hannu ya sake ƙwacewa. Sai da kwandon shara ya kusa cika sannan ganye ya fito raɗau, jijiya da komai. Yaya ta juya ta sallami mai sayen ambulan, kafin ta waiwayo, gogan naka ya zaro biro ya rattaba hannu a kan ganyen, har da kwanan wata.

"Innalillahi! Me ka yi?"

Akawu ya dubi hannunsa kamar na wani. "Wallahi ban san na yi ba."

"Sabo turken wawa. Miƙo biron nan."

Da aka raba shi da biro, aiki ya tafi. Ya jera ganyaye daga sama har ƙasa, ya huda kan, ya zura jan zare ya ƙulle. Kuben farko ya matse, alama ta ƙi shiga. Na biyu ya bar masa sarari, ya naɗe, ya shafa gam, ya danne da tafin hannu har ya kama.

Yaya ta juya shi ta sake juyawa. "Kyau kam ya yi. To a wane shafi za ka sa mata?"

Akawu ya sosa ƙeya. Shi a tunaninsa miƙawa kawai zai yi a kube, a ce an gode.

Ya koma gida ya tarar matarsa ta leƙa maƙwabta. Ya sauko da littafin, ya zauna yana tono kansa. Labarin wata likita ne, ya tuna, da wanta da ya sayar da gidan gado. Magana ta ƙarshe kuwa, yana yankan farce matarsa ta faɗe ta: likita ta sauka daga jirgin ƙasa, ba wanda ya zo taryarta. Ya shiga buɗe shafuka. Ashe likitar nan ba ta da aiki sai sauka daga jirgi! Dole ya koma karatu gadan-gadan, har wani abu ya faɗo masa, cewa hannun jakarta ya tsinke a tasha, don a nan ne matarsa ta yi tsaki ta ce, "Allah sarki." Da ya iske jakar, sai da ya yi hamdala a fili.

Tana shigowa ya miƙa mata littafin, kube a sama, jan zare yana leƙe daga tsakiya. Ta shafa kuben, ta ɗan taɓe baki don kar murmushi ya tona ta. Sannan ta buɗe inda zaren yake, ta bi layi da ido.

"Wa ya gaya maka nan ne?"

"Ke."

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Daɗi ya kama Akawu har ya rasa inda zai sa kansa, sai bakinsa ya suɓuce.

"Ai wan likitar nan, in kin juya shafi, sai ga shi ya…"

Ta toshe masa baki da tafin hannu. "Kul! Ka ɓatar min da shafi, kuma ka ƙara da ɓata min labari?" Ta matsa gefe a kan kujera, ta buga wurin da hannu. "Zauna nan, Baban yara. Ni zan ba ka."