Takardun Hawa na Huɗu

"Tsaya nan, Madam. Me ke cikin jakar?"

Solange ta tare matakalar da tsintsiyarta. Shekara ashirin da biyu tana kula da wannan gidan haya a Paris, ba a taɓa fitar da ko cokali ba tare da saninta ba. Amma ga wannan doguwar mata, Odile, yau wata guda ke nan kullum da la'asar sai ta hau hawa na huɗu wurin tsoho Brossard da jaka a lafe, ta sauko da ita a kumbure.

"Kayan Malam ne," in ji Odile. "Ni ɗalibarsa ce."

"Ɗaliba da furfura? Ina kike duk shekarun nan da nake kai masa miya?"

Kowa a unguwar ya san Achille Brossard mai tsara kiɗa ne. A da manyan makaɗa kan buga abin da ya rubuta, har ma a sa a rediyo. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi bai ƙara taɓa piyano ba, sai dai ya wuni yana rubutu da hannun hagu. Mai gasa burodi ya ce wa Solange irin waɗannan takardu, in mai su ya mutu, wani kan buga su da sunan kansa. Maganar ta tsaya mata a rai.

Ta fizge jakar. Takardu suka zube a kan matakala.

Solange ba ta iya karanta kiɗa, amma ta daɗe tana share teburin tsohon, ta san kamannin rubutunsa: ɗigo-ɗigo a jere, tsaf. Waɗannan kuwa zane ne kawai, tawada ta haye layi ta sauka, kamar kaza ta yi tono.

"Kin gani?" Odile ta durƙusa tana tattarawa. "Yana zaton babban aikinsa yake gamawa. In ya wayi gari ya dube su da hankalinsa, zai gane. Sau ɗaya hakan ta faru, kwana biyu bai ci abinci ba. Shi ya sa nake kwashewa, in ce masa makaɗa na can suna gwaji."

"Wa zai shaida miki?"

"Babu."

Solange ta ba ta hanya, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Wa ya san abin da ke cikin jakar jiya da shekaranjiya?

Da safe ta hau da miyar albasa. Ta tarar da tsohon a jingine da matashi, ya rame, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya kama hannun rigarta.

"Madam Solange, ke ba kya raga wa kowa. Yarinyar nan, da gaske tana kai musu? Ko murhu take hurawa da su?"

Ashe shi ma zargin yake yi. Solange ta dubi takardar da ke kan bargonsa, sabuwa, an cika ta da irin zanen jiya. Tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

"Ina ruwana da ita, Misyo Brossard? Ni ko gaisuwarta ba na so. Amma ƙanina na aikin shara a zauren makaɗan. Ya ce sun hana shi sakat, safe da yamma abu ɗaya suke maimaitawa."

Ba ta da ƙani.

"Masu busa," ya ce, ido a rufe. "Kullum su ke yin latti a kashi na biyu. Ki ce su ƙirga bugun kiɗan."

"Zan faɗa. Buɗe baki."

Cokali uku ya sha.

Ranar Alhamis da hantsi Brossard ya cika, Odile na riƙe da hannunsa. Mutum bakwai ne suka raka shi makabarta, cikin yayyafi.

Washegari Solange ta hau ta yaye zanen gado, ta buɗe taga. A bakin tagar akwai ɗan faranti da rabin tuffa a kai, Odile ta fere masa ita da kyau, gefenta ya fara yin ja. Ta zauna a kan katifar, zanen a cinyarta, tana jin ruwa na ɗiga daga indararo.