Madatsar da Ban Fasa Ba

A ƙauyenmu, can bayan Godogodo, muna da tsari ɗaya da ba a wasa da shi. Idan rani ya yi, mukan tare rafi da buhunan yashi don masu lambu su sami na ban ruwa. Litinin ɗin bayan Ista kuma maza su fito su kwashe buhunan, kafin ruwan farko ya sauko. Ni Bartholomew, tsohon malamin firamare, ni aka ɗora kan wannan aiki, wai don na iya tsawa.

Bara rani ya yi tsanani, tumatir ɗina kuma ya makara. Sati biyu kawai nake buƙata. Da Litinin ta zo sai na ce wa mutane a dakata, na duba sama, ruwa bai kusa ba. Ni da ko rediyo ban saurara ba!

Umar Faruk, makiyayin da ke shayar da shanunsa a gangare, ya same ni a lambu.

"Ticha, shanu taɓo suke sha. Ka saki ruwa mana."

Na ce masa shanu suna da ƙafa, tumatir ba shi da ita. Har dariya na yi wa kaina.

Kashegari Lai'atu ta zo, matar marigayi abokina, wadda muke kira Mama Edna. Gonarta ce ta farko a ƙasan madatsar. Shekarar da cuta ta cinye cittar kowa, kwando huɗu kaɗai ta tsira da su, ta yi ta lallaɓa su har suka zama irin da zai cika gona. Ta riga ta shuka duka, ta rufe da ciyawa.

"Ticha, citta na yana ƙasa fa. In ruwa ya zo, buhun nan ba zai riƙe ba."

"Mama Edna, ki kwantar da hankali. Ni na san rafin nan."

Kwana biyar bayan haka, da rana tsaka, hadari ya taso daga wajen Kagoro. Awa uku ana sheƙa ruwa. Rafin ya taru a bayan buhunan har ya kai ƙirjin mutum, sannan ya ɓalle gaba ɗaya. Da muka isa, gonar Lai'atu ta zama fili, jar laka kawai. Ta durƙusa tana tono da hannu. Abin da ta samu bai cika zaninta ba.

Tumatir ɗina ko ɗaya bai taɓu ba, yana can sama.

A majami'a aka ce ikon Allah ne, aka yi mata addu'a. Ni ma na rufe ido na ce amin. Ba wanda ya tambaye ni komai, ni kuma ban buɗe baki ba. Wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Da wata ya ƙare ta haɗa kaya za ta koma wurin 'yarta Edna a Mararaban Rido, ta riƙa soya ƙosai a bakin titi. Ni na kai ta tasha a Kafanchan a kan babur. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa mata. Da ta shiga mota sai ta leƙo ta taga.

"Ticha, na gode. Tun da abokinka ya mutu, kai kaɗai ne kake tsaya mini."

Motar ta tashi, ina tsaye riƙe da hular kwano.