Samari Biyu a Bakin Hambali

A shagon mamak, wani gidan abinci na bayan kasuwar Chow Kit, aka ƙulla cinikin, a tsaye, don lokacin korona ne, ba a yarda a zauna cin abinci ba, sai dai ka yi tapau, a ƙunsa maka ka wuce. Ni aka kira shaida. Na yi dillancin shanu a Wudil kafin in zo ƙasar nan, shi ya sa duk inda Hausawa za su yi musaya, sai a ce a nemo Baba Bello.

Na'Allah mai sayar da wayoyi yana da ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗalibai a unguwar Cheras. Alkasim, mai nema wa yara gurbin karatu, yana da tasa a Titiwangsa. Da korona ta ɗan lafa, masu shirya gasar baƙi 'yan Afirka suka ce za a dawo, amma ƙungiya ɗaya tak aka ba 'yan Najeriya. Su biyun za su kara sau ɗaya. Wanda ya ci ya shiga gasa, wanda ya faɗi ya zauna gida.

Na'Allah ya ce Hambali yake so. Hambali ya haura talatin da biyar, ya yi wasan albashi a ƙasashe kafin gwiwa ta sauke shi wurin Alkasim. A bakinsa Na'Allah zai ba da Ziyad da Fa'iz, samari 'yan sha tara, dogaye kamar gwangwala, masu gudu amma ba natsuwa.

Na ja Na'Allah gefe. Na ce masa a Wudil ko san noma sai an taka shi an gani. Filaye a kulle suke shekara da wani abu, wa ya ga Hambali yana gudu? Wannan cinikin biri ne a sama. Ya miƙo mini waya, ga Hambali yana tashi kamar shaho. Na ce hoton kafin annoba ne. Ya ce yara sai an jira su nuna, shi kuwa yau yake jin yunwa.

Alkasim ya gyara takunkumi, ya ce, "Alhaji, ka duba da kyau, kada gobe a ce na cuce ka."

"Na duba. Ka sallama?"

"Na sallama."

Saurin sallamar nan bai yi mini daɗi ba. Mai kaya mai kyau sai ya ce albarka ko sau ɗaya ne.

Ranar wasa aka auna mana zafin goshi a ƙofa, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba. Zangon farko Hambali ya yi abin da aka saye shi dominsa. Duk inda ya tsaya ya jefa, sai cikin raga. Na'Allah ya riƙa waiwayo ni yana dariya.

A zango na biyu na ga ya fara dafa gwiwa. Ba gwiwar ba ce, numfashi ne. Da aka tafi hutu na matsa kusa, na ji ƙirjinsa yana kuka kamar zugazugi. Ya ce mini korona ta kwantar da shi bara, tun daga nan ko matakalar jirgin ƙasa ba ya hawa a jere. Alkasim ya sani, shi ya yi jinyarsa.

Na'Allah ya tsuguna gabansa. "Hambali, ka rufa mini asiri. Ba ni da wani."

"Boleh, zan iya, Alhaji. Amma gudu kam na gama."

Da aka dawo, Ziyad da Fa'iz suka gane, suka yi ta wuce shi, tazarar ta narke har suka kamo. To, tsohon hannu daban ne. Hambali ya daina bin kowa, ya kafe ƙarƙashin kwando. Ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, Fa'iz ya yi tsalle ya faɗo masa, alƙali ya busa. Ya sake, ya sake, har laifin Fa'iz ya cika aka fitar da shi. Ziyad ya tsorata ya daina matsowa. Ana gab da tashi, Alkasim na gaba da maki ɗaya, aka ba Hambali jifa biyu, ya tsaya layin jifa leɓɓansa sun yi fari. Ba wanda ya yi tari a zauren. Ya jefa duka biyun suka shiga, Na'Allah ya ci wasa. Daga nan ya zauna a ƙasa, sai ɗaukarsa aka yi zuwa mota.

Likita ya hana shi wasa. Na'Allah ya shiga gasar ba Hambali, ba samarinsa, ya sha kashi tun daga wasan farko har na ƙarshe. Alkasim ya rasa gurbi, kuma bai ci moriyar yaran ba: uban Fa'iz ya kira shi gida Kano, Ziyad kuwa wani kociyan kwaleji da ke wurin ranar ya ɗauke shi, har da karatu kyauta.

In ka tambaye ni, Ziyad ne ya ci riba, shi da ba a ko nemi shawararsa ba. Masu cinikin kowa ya tashi hannu rabbana. Wanda ya faɗi Hambali ne, don da huhunsa aka biya.