Sifana a Jikin Taya

A shagona na faci akwai doka ɗaya da ba a rubuta ba, don ni ba wani rubutu na iya ba. Idan an mayar da taya jikin mota, da hannu ake fara ɗaura notinanta, a sauke jak, sannan a ɗaure su da ƙarfi. Tsakanin saukewa da ɗaurewa, sifana tana nan maƙale a kan noti. Duk wanda ya ga sifana a jikin taya ya san motar nan ba ta tashi ba. Ba mai cire ta sai wanda ya ɗaure. Direbobin da suka saba da ni sun san haka, har mai shayin gefenmu ya sani.

Mai koyon aiki a wurina surukina ne, mijin 'yata ta fari. Ba yaro ba ne, da gemunsa. Da can haya yake yi da babur, har ranar da tayar gaba ta fashe masa yana cikin gudu. Ya daɗe a kwance, ya tashi yana ɗingishi, ya rantse ba shi ba babur har abada. 'Yata ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ka koya masa taya." Na ce ya zo, amma a shago ba ni da suruki.

Na nuna masa abin da na sani. Wannan mai tif ce, wannan ba ta da tif. Wannan ta ƙaramar mota ce, wannan mai kaurin gefe ta ɗaukar kaya ce, kada ka kuskura ka haɗa su a mota ɗaya. Wannan mai kibiya ce, inda kibiyar ta nuna nan take juyawa, in ka sa ta a baibai ba ta korar ruwa. Ga lambobi huɗu a gefe, sati ne da shekarar da aka yi ta, don taya tana tsufa ko ba a taka ta ba. Noti kuma ba a binsu a jere, kana ɗaure wannan sai ka tsallaka na gabansa.

Duk abin da na faɗa, amsa ɗaya ce, kansa a ƙasa: "To, Baba." Hannunsa na da kyau, amma kunyar surukuta ta cinye masa baki. Ko guduma ce ta faɗa masa a yatsa, in ina wurin sai dai ya haɗiye.

Ran nan da rana Mai Bas ya shigo. Shi ke kwaso yaran wata ƙaramar makaranta yana raba su gida-gida, kuma cikin yaran akwai jikata, 'yar surukin nan nawa, wadda nake kira amaryata. Tayarsa ta baya, ɓangaren hagu, ta yi ƙullutu a gefe kamar an cusa mata ƙwai.

"Oga, ɗan manna mata faci mana."

"Gefen taya ba a masa faci. Ta mutu, sai dai a yi mata addu'a."

Ya nuna wata mai sheƙi a jingine. "To sa min waccan, ta fi kyau."

"Waccan ta motar 'yan gayu ce. Kai 'ya'yan mutane kake ɗauka, ba budurwa ba."

Ya yi dariya, ya ce bakina ya fi allurar faci tsini. Na zaɓo masa mai kauri daidai da sauran, na ce surukina ya sa. Mai Bas ya jona wayarsa a caji a kan bencinmu, ya tsallaka titi neman abin da zai sa a cikinsa.

Ana haka wani mai ƙaramar mota ya faɗo mana da taya a kwance, yana danna hon kamar gidansa ne ya kama da wuta. Na tura jak, na nemi sifana. Guda biyu gare mu masu wannan bakin, ɗaya ta cinye, ba ta kama noti. Mai kyan tana wajen bas, kuma bayan bas ɗin ba na hango shi daga inda nake.

"Kai! Kawo sifanar nan!"

Na ji surukina ya ce, "Baba..."

"Za ka kawo ko sai na taso?"

Ya kawo, ya miƙo da hannu biyu. Notinan mutumin sun yi tsatsa, sun ƙi motsi. Na ce, "Ruga wajen mai walda ka karɓo bututun ƙarfen nan mu ƙara wa sifana tsawo." Ya waiga wajen bas, ya buɗe baki, ya rufe. "To, Baba."

Shagon mai walda yana bayan namu, sai an zagaya. Ina tsugune ina fama da tsatsa na ji Mai Bas ya tayar da mota yana cewa, "Oga, sai na dawo, an kusa tashin yara!" Na ɗaga masa hannu ko waiwaye ban yi ba. Ya duba tayarsa, ya ga jak a ƙasa, ba sifana. A dokar shagona motar ta tashi.

Surukina ya dawo da bututu. Sai na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa.

"Ina bas?"

Tun da ya auri 'yata bai taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar.

"Ya tafi. Mene ne?"

"Ban ɗaure ba. Da hannu kawai na ɗaura."

Ban zage shi ba, ba lokaci. Na lalubo waya na kira Mai Bas. Sai ga wayarsa tana kuka a kan bencinmu, tana rawa a jikin caja. Na kira 'yata ta ba ni lambar malamar yaran, na kira ta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Motar baƙon tana kan jak, noti biyu a kwance, ba za ta kai mu ko'ina ba. Yana ta faɗa, "Malam, ni fa sauri nake!" Na ce ya ci saurinsa.

Na san hanyar bas ɗin kamar yunwar cikina. Daga makaranta sai layin kasuwa, sai babban titi, sai gangaren da ke sauka kan gada, da kwana a ƙarshensa. Mota ba kowa tana tafiya a hankali, notinan hannu za su ɗan jure. Mota cike da yara a gangare, a kwana, ba za su jure ba. Na taɓa ganin taya ta bar mota ta wuce ta da gudu. Na ga abin da ya rage na motar.

Muka zagaya wajen mai walda da gudu, sifana a hannuna. Babur ɗinsa na jingine, shi kuma yana zaune da tsumma a fuska, hasken walda ya kumbura masa ido tun jiya.

"Ga makulli nan a jiki," in ji shi. "Amma birkin gaba babu, hon kuma ya riga mu gidan gaskiya."

Ni ban taɓa tuƙa babur ba, ko keke sai da na tsufa na hau. Na dubi surukina. Ya tsaya ya ƙura wa babur ɗin ido, gumi na zuba daga gemunsa.

"Baba, na yi rantsuwa."

"Rantsuwarka ce a cikin bas ɗin ko 'yarka?"

Ya buga kik, ƙafar mai ciwo ta goce. Ya sake bugawa, ta tashi. Na haye baya. Ban san inda zan sa hannu ba, sai ya ce, "Baba, riƙe ni." Na rungume cikin surukina kamar sabuwar amarya, mai shayi na kallo baki buɗe.

Da farko tafiyar hawainiya yake yi, kafaɗunsa a sandare, kowane rami sai ya taka birki. Na yi ta zungurarsa da gindin sifana. "Murɗa! Murɗa mana, ɗan nan!" A ƙofar makaranta muka tarar da maigadi yana jan ƙyaure.

"Ina bas?"

"Yanzun nan ya fita. Lafiya?"

Muka wuce. Daga nan ban sake cewa murɗa ba. Abin da ya kwanta a jikinsa ya tashi da kansa. Ya kutsa layin kasuwa ta tsakanin mai kura da mai baro, gwiwata ta goge tiren wata mai talla, ta bi mu da zagi har kakanni. Ba hon, sai bakina. "Hanya! Hanya, bayin Allah!" Duk addu'ar da na iya na karanta, wadda ban iya ba na yi ta da Hausa. Na ce, ya Allah, in taya ce za ta fita, ta fita a nan inda ba gudu.

Ba mu same shi a kasuwa ba. Sai da muka hau babban titi na hango ruwan ɗorawar fentinsa can gaba, ya miƙe hanya.

Da muka matso na ga tayar. Tana lilo, tana shiga tana fita kamar kan maye. Ina jin bugunta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta cikin iska. Mai Bas bai ji ba, don yara suna ta waƙa suna dukan kujeru. Wasu suka leƙo ta gilashin baya. Amaryata ta gane mu, ta manna fuska a gilashi tana tsalle tana ɗaga hannu, tana nuna wa ƙawayenta babanta a kan babur. Daidai saman tayar take zaune.

Na yi ihu har muryata ta dushe. Mai Bas ya hango mu ta madubi, ya yi dariya, ya kai hannu kunne alamar waya, ya yarfa hannu, wato a ajiye masa wayarsa sai ya dawo. Ya ƙara wuta. Can gaba na ga inda titi ya fara sunkuyawa.

"Sai mun shiga gefensa," in ji surukina.

Gefensa kuwa nan ne gefen tayar. In ta fita muna wurin, mu za ta fara ɗauka. Shi da taya ta taɓa kayarwa ya fi ni sanin haka. Ya sunkuya, ya murɗe totur har ƙarshe.

Muka jera da ita. Wani noti ya fice a kan idona, ya daki kwalta, ya wuce ta gefen kunnena. Wata motar kaya ta taho ta gabanmu tana kunna fitila. Surukina bai kauce ba, ya manne da jikin bas har kafaɗata na gogar fenti, motar ta wuce da iskarta. Muka kai saitin tagar direba.

Ba ni da sauran murya. Na ɗaga sifana sama, na kai ta saitin fuskarsa, na nuna baya da ita.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi sifana, ya dube ni. Ya san inda ya kamata a ce tana.

Tsorona kada ya taka birki da ƙarfi. Surukina ya sha gabansa, ya saki hannu ɗaya yana danna iska ƙasa, a hankali, a hankali. Bas ya bi mu yana rage gudu, yana gangarawa gefen titi, har ya tsaya a bakin gangaren, ana hango gada a ƙasa. Mu ne ba mu tsaya ba. Birkin baya kaɗai ya ja mu cikin yashi, muka zube, babur a kan ƙafata.

Da rarrafe na isa wajen tayar. Noti biyu ne suka rage, su ma na taɓa ɗaya da yatsa ya faɗo a tafina, da zafinsa. Ramukan wilin sun cinye sun zama kamar ƙwai. Mai Bas ya sauko, ya leƙa, ya zauna daɓas a kan kwalta ya dafe kai, ko salati ya kasa ƙarasawa.

Muka sauke yaran muka tara su nesa da titi. Amaryata ta rugo ta ce, "Kaka, ashe ka iya faɗuwa!"

"Garin biyo ki ne, mara tausayi. Na fasa auren."

Ta yi dariya ta ruga wajen ubanta. Ya ɗaga ta, ya cusa fuska a wuyanta, ya daɗe a haka har ta ce gemunsa na sukarta.

Wilin ya tashi daga aiki. Muka ciro jak da safayar bas, na duba ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, Allah ya sa ba wadda ta karye. Na sa aka aro noti ɗaya-ɗaya daga sauran tayoyin, na gaya wa Mai Bas tafiyar kunkuru zai yi, yana sauke yaro na ƙarshe ya wuce shago a cike masa. Surukina ya ɗora safaya, ya ɗaura da hannu, ya sauke jak. Ya fara ɗaurewa, wannan, sai na gabansa, yana hawa sifana da ƙafar mai lafiya.

Na ga yana jan lokaci, ga yara a rana. Na miƙa hannu na kama sifanar. "Kawo nan in ƙarasa."

Bai saki ba.

"Baba, ban gama ba."

Na janye hannuna. Ya bi notinan ya sake zagayowa kansu, sannan ya cire sifanar da kansa ya miƙo min.

Da bas ya tafi na ce ya tayar da babur mu koma, akwai mutum a kan jak yana tsine mana. Ya ce shi fa rantsuwarsa tana nan, ya dai ɗan ajiye ta ne. Haka muka turo babur ɗin mai walda har shago, shi yana ɗingishi da hagu, ni da dama.