Miyar Wake Ba Gishiri

Tun da suka dawo Fakku daga asibitin Tambuwal hankalin Nasiha bai kwanta ba. Likita ya ce jinin surukinta, Baba Maccido, ya hau ƙwarai. Ya hana shi gishiri da magi da kanwa, ya ce in aka yi wasa ɓarin jikinsa na iya shanyewa. Mijinta yana Sakkwato wurin aiki, girkin tsohon kuwa a hannunta yake.

Ta jiƙa wake tun hantsi, ta murje ɓawon, ta ɗora. Wake ba kanwa sai mai haƙuri, itacen da ya ci Allah kaɗai ya sani. Da ya narke ta zuba kabewa da albasa da tattasai, ta daka citta da tafarnuwa da daddawa, zogale ya shiga a ƙarshe. Sau biyu hannunta na kai wa gwangwanin gishiri tana janyewa. Ta ɗanɗana, lami, ba ƙarya.

Amma ciyayya ce ta fi tayar mata da hankali. Shekara talatin dattawan unguwar suna fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba, kowa ya sa hannu a na kowa. In ya ci miyar wasu, wahalarta ta tashi a banza. In su suka ci tata, gobe gari ya ɗauka matar ɗan Maccido ba ta iya miya ba. Kuma wace suruka ce ke da idon hana uban miji cin abinci?

Ta durƙusa ta ajiye masa kwano. "Baba, da kun ci nan ciki."

"Mai jego nike?" Ya ɗauki kwanonsa ya fice.

Ta laɓe bayan zana ta kasa kunne. Ta ji an buɗe kwanuka, an yi bisimilla. Sai muryar Ɗangiwa, amininsa mai bakin tsiya: "Maccido, mi ya samu miyag ga? Gishiri ya ƙare duniya?"

Aka fashe da dariya. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tsohon ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta tsinci komai ba. Kwano ya dawo a suɗe, amma wa ya ci? Ba ta da bakin tambaya.

Washegari Mu'minatu matar Ɗangiwa ta faɗo gidan da wake a ƙwarya, fuska a murtuke.

"Ke kinka ja muna wanga aiki! Jiya tsohonku ya ce likita ya hana mai gishiri, gara shi bar fitowa ciyayya. Su ko sunka ce ba su cin tuwo ba shi. Daga yau kwanon da ad da gishiri ba shi fita ƙofar gida. Tashi ki gwada min yadda akan yi ta."

Nasiha ta karɓi ƙwaryar hannu biyu. Ta so ta yi godiya, kuka ya riga ta.