Abin da Baba Gwani Ke Yi In Ya Tura Ƙofa

Shekara ashirin da shida Baba Gwani yana buga takardu a ofishin makarantar. Da tafireta ya fara, har ta ci masa farce biyu, sannan aka kawo kwamfuta. Kowa ya ɗauka tasa ta ƙare, sai ga shi ya zama likitanta. In rubutu ya karkace, ko lambar shafi ta yi layar zana, wurinsa ake zuwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: kowa ya fita.

"Ba ta son ido," yakan ce. "Kunya gare ta."

Sai ya tura ƙofa. Bayan minti uku ya buɗe yana share goshi da hankici, aiki ya gyaru.

Abin da yake yi a ciki kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai wata 'yar alamar tambaya a kusurwar sama ta manhajar rubutun, wadda kowa ke gani kullum, ba wanda ya taɓa kula ta. Ita yake dannawa. Akwatin Taimako ya buɗe, ya rubuta matsalar a taƙaice, kwamfutar ta jero masa yi kaza, yi kaza, yi kaza. Sauran minti biyun ƙafa yake miƙewa.

To, shekarun ritaya sun riga sun cim masa, kwantiragin shekara-shekara yake yi, kuma na bana ƙarshen wata zai ƙare. Takardar sabuntawa ta kwana tara a teburin sabuwar Shugaba ba sa hannu. A gida kuma matarsa ta faɗa masa ƙarara, ba za ta iya da shi tun safe har yamma ba, ya san inda zai riƙa zuwa.

Ranar Laraba da hantsi Shugaba ta shigo da takardu a hannu. Jerin sunayen masu jarrabawa ne, za a kai kafin sha biyu, amma duk bugun da aka yi sai a ga gidan ƙarshe na jadawalin, na ranar haihuwa, ya guntule.

"Ƙaramin abu ne, ranki ya daɗe. A ɗan ba ni wuri."

"Babu inda za ni, Baba. Ni ma mace ce, ba za ta ji kunyata ba."

Ta jawo kujera ta zauna daf da shi.

Gwani ya hure madannai. Ya goge gilashin da hannun riga. Ya ce maƙogwaronsa ya bushe, ko za ta sa a kawo ruwa? Ta zaro gora daga jaka ta ajiye masa. Ya sha, ya saci kallon agogon bango: sha ɗaya da kwata. Ba makawa. Ya kai kibiya kusurwa ya danna, ya rubuta "kwantar da shafi". Matakai uku suka bayyana, har da ɗan hoto.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan littafina ne, ranki ya daɗe," ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba. "Shekara da shekaru nake zuba shi a ciki, saboda rai. In na faɗi na mutu, kada ku sha wuya."

"Kai ka rubuta? Har hotunan?"

"Hotunan ma su suka fi ba ni wuya."

Takarda ta fito a kwance, ranar haihuwar kowa cif. Shugaba ta ɗaga ta tana jinjina kai.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Ashe ka gama mana aiki. Tunda duk abin da ke kanka yana nan ciki, ai sai ka je ka huta."

Gwani da bakinsa ya sallami kansa! Yana ta wurga ido, sai ya hango shafi na biyu a hannunta: sunaye ne zalla, ba layin sama mai nuna wane gida ne na me. Ya tura mata madannai cikin ladabi.

"Haka ne. Ga wannan ma, ki gyara da kanki, in ga yadda zan bar ku."

Ta gyara zama ta rubuta: "Me ya sa shafi na biyu ba shi da abin nan na sama kamar na farko alhali jadawali ɗaya ne?" Taimako ya kawo mata amsa arba'in da bakwai, ta farko yadda ake canza launin shafi. Ta sake rubutawa, ta ƙara da "don Allah". Wannan karon yadda ake manna hoto ya kawo. Sha biyu saura ashirin.

Gwani ya bari sai da ta yi tsaki, sannan ya miƙa yatsu biyu ya buga "maimaita kan jadawali". Mataki biyu kacal.

"Ba ta jin kuka, ranki ya daɗe. Sai an kira ciwon da sunansa."

Shugaba ta dube shi, ta dubi takardar, dariya ta ƙwace mata.

"Baba, littafin nan naka, akwai irinsa sak a kwamfutar gidana. Yaushe ka shigo mana?"

"Kin ga irin nisan da ya yi? Ni kaina ban sani ba."

Bayan an kai jerin sunayen ta aiko a kira shi. Ta sa hannu a gabansa, shekara guda, amma ta rubuta wani abu a ƙasa da jan biro: kowace Litinin zai koya wa malamai yadda ake tambayar Taimako, har sai kowa ya iya.

Gwani ya karanta sau biyu, ya yi godiya, ya koma teburinsa. Darasin duka bai fi na minti biyar ba. Ya ɗauko farar takarda ya ja layi goma sha biyu, kowane wata da nasa. A layin farko ya rubuta: "Yadda ake zama a gaban kwamfuta."