Gyaran da Tahir Ya Riƙe

Shekara biyu Tahir ya yi yana gina wata manhaja a ɗakinsa da ke unguwar Hajj Yusuf a Khartoum, da wata kwamfuta da sai an ɗora ta kan bulo biyu kada ta yi zafi. Aikinta ɗaya ne: ka ɗauki hoton tsohuwar wasiƙar ajami, irin wadda kakanni suka bari a akwati tun zamanin tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan, ka sa a ciki, ka rubuta abin da ta ce a gefe, mai nema ya samu. Kuma a buɗe ya sake ta, kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara.

To amma shafin da masu wannan sana'a ke ajiye aikinsu a rufe yake ga duk wanda ke cikin Sudan, saboda takunkumi. Sai ya riƙa miƙa aikin ga abokinsa Muhajir, ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatu a Omdurman, in ya je gida hutu ya ɗora daga can. Shi kuwa shafin ba ruwansa da wanda ya yi gumi, wanda ya ɗora ya sani. Layi dubu shida, kowanne da sunan Muhajir a gefe.

Wata la'asar suna wurin Sittana mai shayi, Muhajir ya zaro takarda yana ta murza hannu. Wata jami'a ce a Turai ta gayyaci mai manhajar ya je ya nuna ta.

"Wallahi yaya Tahir na rubuta musu na ce taka ce. Suka ce sunana suka gani."

"Mabruk, barka," in ji Tahir. Ya ƙara sukari a shayin da ya riga ya sa wa sukari.

Sittana ta ce, "Ya waladi, ɗana, zuma za ka sha ko shayi?"

Muhajir ya matso. "Matsalar nan fa, da take daskarewa in shafuka sun wuce ɗari. Ka gama gyaran? A gaban mutane zan nuna."

Tahir kuwa ya gama. Wata uku ya yi a kai, gyaran ma yana cikin filasha a aljihun jallabiyarsa. Sai ya hango Muhajir cikin kwat ana tafa masa, shi da bai san inda aka sa ko waƙafi ɗaya ba.

"Da saura," ya ce.

A raksha mai ƙafa uku, har ya sauka, yana gaya wa kansa gobe zai aika. Muhajir ya rubuto sau uku bayan ya isa Turai, sau uku Tahir ya amsa da saura. Ranar taron ya kasa cin abinci. Abin da yake jira kawai ya ji an ce ta daskare, an tambayi Muhajir dalili, ya yi tsuru-tsuru, dole ya ce mai ita yana Khartoum.

Saƙon Muhajir ya zo bayan kwana huɗu.

"Albishirinka! Kwana biyu kafin taro wata Khadija, malamar laburare a Zariya, ta ɗauki manhajar don takardunsu. Ta ci karo da matsalar, ta gyara, ta ɗora. Komai ya tafi sumul. Na faɗi sunanka a taron, sai dai makirufon ya ɗan yi gardama. Ga gyaran nata na haɗo maka."

Tahir ya buɗe. Layi goma sha ɗaya ne. Nasa ɗari uku. Ya karanta sau biyu yana neman kuskure, ya kashe kwamfutar, ya kunna, ya gwada da shafi dubu. Ko gezau.

Da yamma ya rubuta wa Muhajir ya ce nasa ma ya kammala, ko za a ɗora. Amsa ta zo nan take: "Malesh yaya, yi haƙuri, ai yanzu ba a buƙata."